KARATUN LISSAFI CIKIN HUTUN DAMANA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowace shekara ana rufe lakwal wajen ƙarshen watan Yuni. Ba a sake buɗewa sai Oktoba. Wata ukku ke nan ƴan lakwal suna gida. Hutun ya zo daidai da damana, kuma haka ya yi ma manomi daɗi, don yana samun hannun taimako wajen noma da maimai.

Amma cikin hutun nan akwai wani karatu da ake buɗewa a birane da manyan garuruwa. Ana ce mashi karatun hutu. Malaman lakwal ne ke bada shi, ko ɗaliban jami'a ƴan asalin gari da suka komo gida. Wani wuri kyauta ne, wani wuri ana biyan kuɗɗi kaɗan. Galibi cikin Ogusta da farkon Satumba ake yin shi, kuma darasin da ya fi tara yara shi ne lissafi.

To, ga tambaya. In yaronka ya ce yana son shiga, ga kuma gona tana jira, mi za ka ce mashi? Kafin ka bada amsa, karanta wannan bayani.

DON MI LISSAFI?

Bayan shekara 6 na firamare, yaro yana yin shekara 4 a kwaleji, ya yi jarrabawar BEPC. In ya ci, sai ya wuce lise, kamar lise Ɗan Baskore ta Maraɗi, ko Amadu Kuran Daga ta Damagaram, ko Agabba ta Tawa, ko Isa Korombe ta Yamai. Can zai yi shekara 3, ya yi jarrabawar BAC, wadda ita ce ƙofar jami'a.

A lise ana raba yara hanya-hanya. Hanyar A ta harsuna ce da adabi. Hanyar C ta lissafi ce da kimiyya. Hanyar D ta ilimin halittu ce tare da lissafi. Mai son zama likita, ko malamin gona, ko likitan bisashe, ko injiniyan rijiyoyi da hanyoyi, ta C ko D zai bi. A hanyoyin nan biyu, ana ninka makin lissafi sau da yawa kafin a haɗa jimla. Saboda haka yaron da ya samu 5 bisa 20 a lissafi yana iya faɗuwa ko da ya yi ƙoƙari a sauran darussa.

Lissafi kamar ginin rumbu yake. Ana aza sahu bisa sahu. In sahun ƙasa ya tsage, duk abin da aka aza sama rushewa zai yi. Yaron da bai gane rabawa ba a firamare, ba zai gane kaso ba a kwaleji. Wanda bai gane kaso ba, aljabara za ta kada shi a lise. Cikin shekara malami yana da yara da yawa a aji, ga littafi yana son ƙarewa, ba shi da damar komawa baya don mutum guda. Karatun hutu shi ne lokacin liƙe tsagar. Kuma wata ukku ba tare da taɓa alƙalami ba suna sa mantuwa. Hauyar da aka aje ba aiki, tsatsa take yi.

LISSAFIN NAN NAKU NE

Waɗansu iyaye suna cewa lissafin lise ba shi da amfani a ƙauye. Bari mu duba.

Kowa ya san dala ɗaya sefa 5 ce, jikka kuwa dala 200 ce, watau sefa 1.000. Mai saida hura da ta ga an rubuta 100 bisa kuɗɗi ta ce dala ashirin, rabawa da 5 ta yi, ko ba ta taɓa shiga aji ba. Ashe tushen yana gida.

Ga misali na kasuwa. Wani makiyayi ya saida awaki biyu masu kuɗɗi ɗaya da rago guda, duka jikka 70. Ragon ya ɗara akuya guda da jikka 25. Nawa ne kuɗɗin akuya? Ɗan lise zai kira kuɗɗin akuya da harafin x. Akuya biyu x da x ke nan, rago kuwa x da 25. Ya cire 25 daga 70, saura 45. Ya raba ukku. Akuya jikka 15, rago jikka 40. Wannan ita ce aljabara: a sa ma abin da ba a sani ba suna, a bi shi har a kama shi.

Ga misali na gona. Ekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In an shibka hatsi da tazarar mita guda ko'ina, ramu 10.000 ke nan. Masu binciken noma na Sadore, kusa da Yamai, sun nuna ana iya sa takin zamani NPK giram 6 kaɗai cikin kowane rami. Giram 6 sau 10.000 kilo 60 ne, watau buhu guda na kilo 50 da ƙarin kilo 10. Manomin da ɗansa ya iya wannan lissafi ba ya sayen taki da ka, ba ya ɓarna.

Ga kuma misali na bashi. Ka ari tiya 10 ta hatsi cikin Ogusta, ka biya tiya 15 bayan girbi. Ribar da aka ci kanka 50 ce cikin 100 a wata ukku kaɗai. In haka ta ci gaba shekara guda, 200 ce cikin 100. Mutum bai ganin girman ramin sai an auna mashi.

BA BAƘON ILIMI BA NE

Kada a ce lissafi kayan nasara ne. Kalmar aljabara daga sunan wani littafin Larabci ta fito, wanda malam Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820.

A ƙasar Hausa ma an yi gwanaye. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya rubuta littafi da Larabci a shekara ta 1732 bisa yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi, har kowane layi ya bada jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira ta Masar a 1741. Har yau masana lissafi na duniya suna ambaton sunansa.

A zamaninmu kuwa ga Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya zama babban masanin kimiyya, ya yi shekaru yana binciken yadda za a mori ƙarfin rana, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 aka sa ma jami'ar sunansa. Shi ma ɗan lakwal ne da ya fara da ɗaya, biyu, ukku.

YADDA ZA A RABA LOKACI

Gaskiya ce, ba a barin gona don takarda. Ciki da yunwa ba ya karatu. Amma ana iya riƙe biyun in an shirya.

Na farko, aikin da ya fi matsi shi ne shibka da noman fari. In ruwa ya sauka da wuri, kafin tsakiyar Ogusta an fi ƙarfin wannan aiki. Tsakanin maimai da girbi akwai ɗan sarari. Nan ne lokacin karatu.

Na biyu, iyaye su zauna da maigari da daraktan lakwal a tsaida sa'a. Yaro yana iya noma da safe har hantsi, ya tafi aji bayan azahar. Awa 2 a yini, kwana 4 a mako, mako 6, awa 48 ke nan. Ba ƙaramin abu ba ne.

Na ukku, in ba a buɗe karatun hutu a garinku ba, ku buɗe da kanku. Duk ƙauyen da ke da ɗan jami'a ko malami da ya zo hutu yana da abin farawa. Ɗakin lakwal yana nan ba kowa ciki. Abin da ya rage alli ne. Iyaye su haɗa ƴan tiyoyi su ba mai koyarwa, kamar yadda ake ma malamin allo.

Na huɗu, kada a manta da ƴan mata. Sau da yawa namiji ya tafi aji, mace tana daka da ɗibar ruwa. Jarrabawa guda za su yi, tambaya guda za a yi masu. A rage mata aiki awa biyu ita ma.

Na biyar, ku makiyaya masu tafiya arewa da bisashe cikin damana, in da hali ku bar ɗan lise wurin ɗan uwa a gari. In babu hali, ya tafi da littafinsa da takarda cikin jikka, ya warware tambaya biyu ko ukku kowace rana.

KU DUBA DA KANKU

In an ce a biya kuɗɗi, ku tambaya: yara nawa ne cikin aji, kuma wa ke koyarwa? Aji da ya cika maƙil bai bambanta da na cikin shekara ba. Ku riƙa buɗe littafin yaro. Ko ba ku iya Faransanci ba, yaƙi da jahilci ya koya maku lambobi. In kun ga yaro yana warware tambayoyi da hannunsa, malami yana gyarawa da jan alƙalami, karatu na tafiya. In kwafe allo kawai yake yi, a sake shawara. Ba a koyon noma da kallo, haka lissafi.

Ga jarrabawa ta gida. Ku zana gida 9 a ƙasa, ukku-ukku. Ku ce ma yaro ya jera lambobi daga 1 zuwa 9, kowace lamba sau ɗaya, yadda kowane layi zai bada 15, a tsaye, a kwance da a karkace. Ku ma ku gwada tare da shi da dare bayan tuwo.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi ba yaranmu sa'ar jarrabawa, amin.