Tsohon injin jirgin ruwa mai karburato ya ƙi tashi: ta ina ake fara bincike?

Jirgin ruwa mai tafiya da iska shi ma yana da inji. Da shi ake fita daga tasha, da shi ake shiga, kuma shi ne abin dogaro idan iska ta kwanta ko igiyar ruwa na tura jirgin wajen duwatsu. Don haka ƙin tashinsa na iya jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Injin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Atomic 4, wanda kamfanin Universal na jihar Wiskonsin a Amurka ya ƙera har zuwa farkon shekarun 1980. An yi kimanin 40,000, kuma da yawa suna aiki har yau a jiragen Amurka da Kanada. Silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki 30, yana shan esansi ta karburato. Duk wanda ya taɓa fama da tsohon moto, grup ko motopompo na lambu zai gane ciwon, domin abu uku kowane injin esansi ke buƙata: wuta, mai da matsin iska.

Kafin a taɓa makulli

Tururin esansi ya fi iska nauyi. A mota yana bajewa a ƙasa, amma a jirgi yana taruwa a cikin ƙasan jirgin, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da fashewa. Shi ya sa ake kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4, sannan a sunsuna ɗakin injin. In an ji warin mai, sai a nemo inda yake zuba kafin komai.

Haɗari na biyu na jirgin ruwa ne kawai. Injin yana zuƙo ruwan teku don ya huce, ruwan kuma yana fita ta bututun hayaƙi. Idan ana ta juya injin bai kama ba, babu hayaƙin da zai tura ruwan waje, sai ya taru ya koma cikin silinda. Don haka masu jiragen kan rufe famfon shigar ruwa lokacin gwaji, su buɗe shi da zarar injin ya kama.

In bai juya ba ko kaɗan

A duba batir da farko. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, kawunansa ne gishirin teku ya ci, ko wayar da ke haɗe da jikin injin ta saki. Idan ana jin "ƙas" ɗaya kawai, ko dai wutar ba ta isa ba, ko demarar ya gaji. In an cire buji aka ga ruwa, kada a ƙara juyawa sai an fitar da shi, a kuma canja man inji idan ya zama fari kamar madara.

Yana juyawa amma bai kama ba

A nan buji ne ke ba da labari. Idan ya jiƙe da esansi, mai na zuwa, wuta ce babu, ko man ya yi yawa. Idan a bushe yake bayan an juya da shok a rufe, mai ne bai iso ba.

Gwajin wuta: a ciro babbar wayar da ta fito daga bobin, a riƙe ta da abin da ba ya ɗaukar wuta kusa da jikin injin, a juya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake nema. In babu, a duba ko wuta na isa bobin, sannan a buɗe delko. Damshi yana sa bis palatine tsatsa bayan watanni a ajiye, kuma gogewa kaɗan kan wadatar. Wanda ya cire wayoyin buji ya mayar da su bisa tsari: na Atomic 4 shi ne 1-2-4-3.

Gwajin mai: a tabbatar famfon tanki a buɗe yake, filtir bai toshe ba, pompo na turo mai. Tsohon esansi yana daskarewa kamar ƙaro ya toshe jiklar. A Amurka yawancin esansi na da etanol kashi 10 cikin 100, wanda ke jawo damshi, sai ruwa ya kwanta a ƙasan tanki. A zubo man da ke cikin karburato a kwalba mai haske. In akwai ruwa, za a gan shi a ƙasa. A kuma duba shok: karburaton wannan inji yana zuƙar mai ne daga ƙasa zuwa sama, don haka idan shok bai rufe sosai ba, injin mai sanyi da ƙyar yake kamawa.

In wuta da mai duk suna nan

Saura matsin iska. A cire buji duka, a toshe ramin da babban yatsa, a juya injin. Lafiyayyar silinda za ta ture yatsan. In ba ta ture ba, mafi yawanci supap ce ta maƙale a buɗe saboda tsatsa, abin da ya zama ruwan dare a injin da ya daɗe bai yi aiki ba. Ana zuba ɗan mai mai sassauta tsatsa, a bar shi ya kwana, a sake gwadawa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kaya barkatai, ko canja abu uku lokaci guda, har a rasa wanne ne ya lalace. A gwada abu ɗaya, a ga sakamako, sannan a wuce na gaba. Injin da ake tayarwa a kai a kai, da sabon mai da busasshen delko, ba kasafai yake ba mai shi kunya a tsakiyar ruwa ba.