Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa gam ɗin da ake haɗa 'yan ƙananan jiragen sama na roba da shi ba liƙawa yake yi ba? Narkar da fuskar robar yake yi, sai gefe biyun su haɗe su zama abu guda. Shi ya sa ba ya kama ƙarfe, kuma dole a kankare fenti kafin a shafa shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙafar sauka da saiwar fiffike. A jirgin da aka rage girmansa sau 72, irin Spitfire ɗin da kamfanin Airfix na Ingila ya shahara da shi, ƙafar ba ta fi tsinken ashana kauri ba, alhali ita ke ɗauke da nauyin jirgin duka. Gwanaye sukan huda rami siriri a kowane gefe, su zura guntuwar wayar tagulla, su ɗiga wani gam daban mai kama ƙarfe, wato sufa gulu. Wannan dabara ta fi tula gam nesa ba kusa ba, domin sufa gulu shi kaɗai yana jure ja, amma bugu daga gefe kan ɓalle shi.

Sai dai kada ku kai sufa gulu kusa da gilashin ɗakin matuƙi, tururinsa na barin farin hazo a jikin gilashin.