Kwaɗi Masu Ɗauke da Rediyo a Kurmin Fanama

A shekarar 2017, masana halittun dabbobi suka saki kwaɗi 90 a gefen wata ƙorama da ke kwarin Mamoni, cikin kurmin ƙasar Fanama ta Amurka ta Tsakiya. Dukkan kwaɗin nan a ɗakin kiwo aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin kurmi ba. Guda 16 daga cikinsu kuwa an ɗaura musu 'yar na'urar rediyo a ƙugu.

Dalilin wannan aiki shi ne wata cuta mai suna kitirid, wadda wani nau'in funfuna ke haddasawa. Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa da gishirin da jikinsa ke bukata. Idan funfunar ta mamaye fatar sai ta yi kauri, gishirin jini ya ragu, daga bisani zuciya ta tsaya. Wani bincike na 2019 ya nuna cutar ta rage yawan nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu a duniya, ana kuma kyautata zaton 90 sun ƙare ƙurmus. Ganin yadda take ratsa Fanama daga yamma zuwa gabas, sai Cibiyar Smithsonian da abokan aikinta suka kafa shirin ceto a 2009, suka kwashe waɗansu kwaɗi suna kiwonsu a garin Gambowa.

To, amma kiwo a ɗaki ba shi ne ƙarshen magana ba. Tilas ne a san abin da zai sami kwaɗon idan an mayar da shi gida. Nan ne amfanin rediyon ya fito. Nauyin na'urar bai kai rabin giram ba, batirinta kuma makonni kaɗan yake yi. Ma'aikaci yakan bi ƙorama riƙe da eriya, yana sauraron ƙarar da ke ƙaruwa yayin da ya kusanci kwaɗon, har ya same shi ƙarƙashin ganye ko cikin tsagin dutse. Sai ya rubuta wurin, ya auna nisan da ya yi, ya shafi fatarsa da auduga domin gwajin cutar.

An raba kwaɗin gida biyu. Waɗansu an sake su nan take. Waɗansu kuma an fara ajiye su kwana 30 cikin keji a bakin ƙoramar, suna farautar ƙwari da kansu, suna sabawa da yanayin wurin. Sakamakon ya tabbatar da cewa sannu ba ta hana zuwa: waɗanda suka zauna a keji ba su yi nisa da wurin sakin ba, sun kuma fi sauran rayuwa.

Rediyon ya kuma tona wani asiri. Ba cuta kaɗai ke kashe kwaɗin ba, har da manyan gizo-gizo da danginsu. A kurmi, fatar irin waɗannan kwaɗi tana ɗauke da dafi mai korar maƙiya, amma na ɗakin kiwo sun rasa mafi yawansa.

Funfunar tana nan a kurmin, kuma an sami kwaɗin da suka kamu da ita bayan sakin. Saboda haka gwajin bai maido da kwaɗin kwarin Mamoni ba. Abin da ya bayar shi ne sanin inda kwaɗo ke zuwa, da abin da ke kashe shi, da yadda ya fi dacewa a sake shi.