Lallashi Iri-Iri Ne: Kalmomi Huɗu Na Ingilishi

Duk ma'aikacin da ke shiga tsakanin manomi da makiyayi a Dallol Boso, magana ce makaminsa. Saboda haka ya kamata ya san nauyin kalmomin kashe wutar rikici, har da na Ingilishi, waɗanda ke zo mana cikin takardun ƙungiyoyin agaji.

Ta farko ita ce "calm". Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, amma tushenta Girkanci ne, "kauma", wato zafin rana. Mutumen Kurfai ba ya bukatar dogon bayani. In rana ta take tsaka a Filinge cikin bazara, iska ta ɗauke, shanu su kwanta gindin gawo, gari ya yi tsit. Wannan lafawa ce kawai. Da la'asar kowa zai miƙe.

Ta biyu "appease": a ba mai faɗa abin da yake so don ya yi shiru. Haka Chamberlain na Ingila ya yi a Munich a 1938, ya bar wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya. A 1939 yaƙi ya ɓarke.

Ta uku "pacify", ƴar'uwar "pacification" da Faransawa suka laƙaba wa yaƙoƙinsu na mamaya. A 1916 Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmidan, ya kawo hari Filinge, sojan Faransa suka karya shi. Ƙasa ta yi shiru, amma shirun bakin bindiga ne.

Ta huɗu "soothe", lallashi irin na uwa da jariri. A tsohon Ingilishi "sooth" gaskiya ce, kuma ma'anar kalmar ta farko ita ce gaskata maganar mutum. Daga ce wa mai fushi "kana da gaskiya" ta koma sanyaya zuciya.

Dokar karkara ta 1993 ta ɗora wa sarakunan gargajiya yin sulhu kafin a je gaban alƙali. To, in shanu sun shiga gona, ko gona ta cinye burtali, kada a fara da "yi haƙuri". A tafi a ga ɓarna da ido, a faɗi mai gaskiya, a biya shi diyya. Sa'an nan ne haƙuri zai samu wurin zama.