Gwaninta ko Sa'a? Dokar Gidajen Wasan Yara a Ingila

A garuruwan bakin teku na ƙasar Ingila, irin su Blackpool da Brighton, akwai gidaje cike da na'urorin wasa masu fitilu da kiɗa, inda magidanta kan kai 'ya'yansu lokacin hutu. Yaro ya jefa kuɗi ya yi wasa, in ya ci a ba shi 'yar tsana ko alewa, ko tikitin da zai musanya da kyauta. To, wannan wasa ne ko kuwa caca?

Turawan sun ba da tasu amsar a cikin Dokar Caca ta 2005, wadda ta kankama a 2007. Idan cin wasa ya dogara ga gwanintar mutum kaɗai, kamar na'urar da ke jefo tambayoyi ka amsa da iliminka, doka ba ta ɗauke shi caca ba, kuma ba a neman lasisin caca kafin a ajiye na'urar, ko da tana ba da kyauta. Amma fa da zarar sa'a ta sa hannu, magana ta canza. Wasan da ya haɗa gwaninta da sa'a, wasan sa'a ne a wurinsu, ko da ƙwararre zai iya rinjayar sa'ar. Kai, ko wanda aka yi wa ado kawai ya yi kama da na sa'a, shi ma can aka jefa shi.

Ku dubi akwatin gilashin nan mai ƙugiya da ke sauka ta cafko 'yar tsana, wanda ya fara shigowa wasu manyan kantunan biranenmu. Yaro na ganin hannunsa ne ke aiki, shi ya sa in ƙugiya ta saki sai ya ce bari ya ƙara. Alhali a yawancinsu mai gidan na iya saita ƙarfin riƙon, ta yadda ba za ta kama da kyau ba sai an zuba kuɗi sun kai wani adadi. A Ingila wannan akwati na'urar caca ce, a rukunin D, wato mafi ƙanƙanta. Ba a zuba fiye da fam 1 a wasa guda, kyautar kuma kada darajarta ta wuce fam 50. Wadda ke biyan tsabar kuɗi zalla, kwabo 10 ake zubawa (kwabonsu 100 ke yin fam), abin da za a ci bai wuce fam 5 ba.

Gidajen kansu iri biyu ne. Mai na'urorin rukunin D kaɗai, takardar izini yake nema daga ƙaramar hukuma, ita kuma sai ta tuntuɓi 'yan sanda kafin ta bayar. Izinin na shekara 10 ne. Wanda ke son ƙarawa da rukunin C, inda ake zuba fam 1 a ci har fam 100, sai ya sami lasisi daga Hukumar Kula da Caca ta ƙasa, da wani na gini daga ƙaramar hukuma. Dole ya killace waɗannan na'urori a wuri dabam da mai tsaro, wanda bai kai shekara 18 ba ba ya shiga.

Abin mamaki a nan, dokar da ta kira rukunin D caca, ita ce kuma ta bar yara su yi ta, babu iyakar shekaru. Don haka iyayenmu masu zuwa can, ganin lasisi a bango ba shi ne halasci ba. Lasisi na nuna hukuma ta san da gidan ne kurum. Hukuncin caca a wurinmu yana Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya shi.

Su ma can abin ya dame su. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar shawarar gyaran dokar, inda ta nemi a hana 'yan ƙasa da shekara 18 taɓa na'urorin rukunin D masu juya hotuna su biya tsabar kuɗi. Akwatin ƙugiya dai bai shiga cikin shawarar ba.