Na'urar da Ke Karanta Hasken Filasma

Idan aka tattara hasken leza mai ƙarfi a kan ɗigon ƙarfe, cikin ƙasa da ƙiftawar ido ƙarfen zai narke, ya zama tururi, sa'annan zafi ya fizge elektaron daga jikin ƙwayoyin zarransa. Abin da ya rage shi masana kimiyya ke kira filasma. Zafinta yakan kai digiri dubu ɗaruruwa, wani lokaci miliyoyi, kuma takan mutu kafin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya cika. Babu ma'aunin zafin da za a tsoma a cikinta, don haka sai a dogara ga hasken da take fitarwa.

Yawancin wannan haske ido ba ya ganinsa. Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango, haka haske yake. Ido yana ganin zango daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Wanda ya fi wannan gajarta shi ne ultirabayolet, wanda Johann Ritter ya gano a shekarar 1801.

Na'urar da ke rarrabe shi tana da sassa uku. Akwai siririyar tsaga inda haske ke shiga. Akwai madubi mai ɗauke da layuka, sau da yawa 1,200 a kowace milimita, wanda ke baza hasken gwargwadon zangonsa, tamkar bakan gizo. Sa'annan akwai kyamarar da ke ɗaukar sakamakon. Henry Rowland ne ya ƙera irin wannan madubi mai lanƙwasa a Amurka a 1882.

Wahalar aikin ita ce iska tana shanye hasken da ya gaza nanomita 200, gilashin taga kuwa tun kafin nan ya tare shi. Saboda haka dole a zuƙe iskar cikin na'urar, dabarar da Victor Schumann ya fara amfani da ita a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Idan zango ya ƙara gajarta, sai a kwantar da madubin yadda hasken zai shafe shi kawai ya wuce.

Kowane sinadari yana da nasa layukan haske, kamar zanen yatsa. Ƙarfin wani layi idan aka gwada shi da na wani yana nuna zafin filasmar. Faɗin layi yana nuna cunkoson elektaron, gocewarsa daga mazauninsa kuma tana nuna gudun da filasmar ke yi.

Amfanin wannan ya wuce ɗakin bincike. Injinan kamfanin ASML na ƙasar Holan, waɗanda ke zana ƙwaƙwalwar wayoyin hannu na zamani, suna harbin ɗigon kuza, irin ma'adinin da aka sani a Jos, kimanin 50,000 a daƙiƙa. Filasmar kuzar tana fitar da haske mai zangon nanomita 13.5, kuma madubin injin wannan zango kaɗai yake mayarwa. In zafi ya yi kaɗan ko ya yi yawa, hasken ya kauce, wutar da aka kashe ta tafi a banza. Da na'urar rarrabe haske ne masana suka gano zafin da ya dace.