Dillalan Gidaje a Ƙasar Ruma

Duk malamin makaranta ko akawun da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki ya san cewa tun bai gane hanyar ofis ba, dillalin gidaje ya riga ya san sunansa. Na daɗe ina lura da masu wannan sana'a a yammacin Katsina, watau daga Karare da Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, har zuwa Safana, ƙasar Yariman Katsina. Na ga ya kyautu in bayyana wa masu karatu yadda su ke aikinsu.

Dillalin karkara ba shi da ofis, jarinsa kunnensa ne. Za ka same shi a majalisa, da tasha, da rumfar mai shayi, ba kuma a rasa shi wurin zaman makoki. Dalili kuwa, gida ya fi fita kasuwa sa'ad da magada suka kasa raba shi, ko bashi ya matsa wa mai shi, ko aurar da 'ya ya taso. In ya ji ƙishin-ƙishin ba ya tarar mutum gaba da gaba, gama sayar da gidan uba abin kunya ne a wurinmu. Sai ya biyo ta hannun aboki ko suruki, ya yi alkawarin ba mai ji sai an gama. Lalle wannan rufin asiri shi ne rabin abin da a ke biyansa dominsa, ban kuwa raina shi ba.

Wajen mai saye dabarar dabam ce. Zai nuna maka rijiya, da kusancin masallaci da kasuwa, ya ce jiya ma wani ya taya. Da rani zai kai ka, ba zai faɗa maka inda ruwa ya ke kwanciya da damina ba. Samarinsu yanzu sun ƙara da aika hoton ɗaki ta WhatsApp, amma hoto ba ya nuna rufin da ke yoyo.

Wajen 2019, da hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu suka tsananta, mutanen ƙauyuka da yawa suka kwararo cikin garin Batsari da birnin Katsina. Ciniki ya juye. Ɗakin haya cikin gari ya yi wuya, gona a bakin daji ta rasa mai tayawa, mai gudun rai kuwa ba ya jan ciniki.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara. Dillali ba ya samun la'ada sai an sallama, sau da yawa kuma daga hannu biyu ya ke karɓa. Saboda haka shi ba wakilinka ba ne, wakilin ciniki ne. Wadansu ma su kan ɗora nasu bisa kuɗin da mai gida ya yanka, shi ya sa ba su son ku haɗu. Ka nace sai kun haɗu, a gaban mai unguwa da dagaci, a rubuta iyakoki.

Har wa yau akwai doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa amana a hannun Gwamna, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama, sashi na 21 kuma ya hana a sayar da wannan izini sai da yardar hukuma. In gidan gado ne da ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya sauran masu rabo suna da shuf'a, watau su biya mai saye kuɗinsa su karɓe.

Wani malami da na koyar a kwalejin horon malamai ya ba da kafin alƙalami a kan irin wannan gida, bisa maganar dillali da babban ɗan mamaci kaɗai. Ya riga ya sayi kwano da siminti sa'ad da wata 'yar mamacin, wadda ke aure a Jibiya, ta iso da wakilinta. Kuɗinsa sun dawo bayan wata bakwai, la'ada kuwa har yau.